Tsohon Fiyano Mai Lantarki: Tarkace Ne Ko Gado?

Akwai wani al'amari mai ɗaure kai a duniyar kiɗa ta yau. Wayar hannu da ke cikin aljihun ɗalibi tana iya kwaikwayon sautin kayan kiɗa iri-iri, alhali nauyinta bai kai na littafin lissafi ba. Duk da haka, a Amurka da Turai da Japan, ana samun makaɗa suna cigiyar wani tsohon akwati mai nauyin kilo kusan 60, wanda aka rufe masana'antarsa tun 1985. In sun same shi sai su zuba kuɗi su saya, sa'an nan su sake zuba wasu kuɗin a gyara musu shi. Wannan akwati shi ne fiyano mai lantarki da ake kira Rhodes, wanda ya ci sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi.

Masu sukar wannan ɗabi'a suna cewa sabo ne kawai, kuma sabo turken wawa ne. A ganinsu, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma wanda ya bi tarihin wannan na'ura a tsanake, ya kuma buɗe murfinta ya duba cikinta, zai tarar da cewa ƙaunar da ake yi mata tana da tushe a tarihi da kimiyya da kuma halin ɗan Adam. Saboda haka ya cancanta a adana ta, a gyara ta, a ci gaba da kaɗa ta. Darasin da ke cikin labarinta kuwa ya shafi duk makarantar da ke da tsofaffin kayan aiki jibge a ɗakin ajiya.

Wane irin fiyano ake nufi?

Wajibi ne a fara da rarrabe abubuwa uku da ake ba suna ɗaya. Na farko shi ne fiyano na asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Filorens na Italiya wajen shekarar 1700. A cikinsa, in aka danna madanni, sai 'yar guduma ta daki tsirkiyar ƙarfe, wani faffaɗan allon katako kuma ya ƙara wa sautin ƙarfi. Irin na zamani yana da madannai 88 da tsirkiyoyi fiye da 200, kuma jan da tsirkiyoyin nan ke yi in an haɗa ya kai kimanin tan 18 zuwa 20. Shi ya sa ake yi masa ƙashin baya na zubin ƙarfe, shi ya sa kuma yake da nauyin da sai ƙarti da yawa ke iya ɗaga shi.

Na biyu shi ne abin da aka fi sani da "fiyano" a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna, wanda ya cika waƙoƙin finafinan Hausa tun daga shekarun 1990. Galibinsu ƙirar kamfanin Yamaha ne, kuma babu guduma ko tsirkiya a cikinsu. Ƙaramar kwamfuta ce ke fitar da sautin da aka riga aka adana mata, madannin kuwa makunni ne kawai da ke ba ta umarni.

Na uku, wanda shi ne abin magana a nan, yana tsakanin waɗannan biyun. Yana da guduma ta gaske da ke dukan ƙarfe na gaske, amma ba shi da allon katako. A maimakonsa, ana mayar da girgizar ƙarfen ta zama wutar lantarki, a tura ta zuwa amfilifaya da lasifika. Tunanin yin haka ya girmi Rhodes. A farkon shekarun 1930, masanin nan na Jamus Walther Nernst, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 1920, ya haɗa kai da kamfanonin Bechstein da Siemens suka fito da wani fiyano mai tsirkiya da ake ɗaukar sautinsa da maganaɗisu. Bai sami kasuwa ba. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Wurlitzer na Amurka ya fito da nasa, mai amfani da siraran fallayen ƙarfe, kuma da shi Ray Charles ya yi wani shahararren faifansa a 1959. Amma wanda ya fi yin tashe a cikinsu duka shi ne Rhodes.

Malamin da ya ƙera fiyano daga gawar jirgin yaƙi

An haifi Harold Rhodes a jihar Kalifoniya a 1910. Malamin koyar da fiyano ne tun yana saurayi, kuma bai kammala jami'a ba, domin karayar tattalin arzikin da ta auka wa Amurka a 1929 ta tilasta masa barin karatu don ya tallafi iyalinsu. Ya tsara wata hanya tasa ta koyarwa wadda ta karɓu ƙwarai.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Rhodes yana cikin rundunar sojan sama ta Amurka. Aka nemi ya riƙa koyar da kiɗa ga sojojin da suka sami raunuka, don rage musu raɗaɗi da kaɗaici. Nan ya ci karo da matsala. Yawancin majinyatan ba sa iya tashi daga gado, kuma ba yadda za a yi a ɗora wa mai jinya fiyano a cinya. Sai ya waiwayi tarkacen jiragen yaƙi samfurin B-17 da suka lalace. Ya ciro bututun alminiyam, wato sanholo, ya yanyanka shi tsawo daban-daban yadda kowane yanki zai ba da sautinsa, ya haɗa wani ɗan ƙaramin abin kiɗa mai madannai 29 da majinyaci zai iya kaɗawa yana kwance. Wato jirgin da aka ƙera don jefa bom, shi ne ya koma abin lallashin waɗanda yaƙin ya jikkata.

Wannan aiki na Rhodes ya zo daidai da lokacin da asibitocin tsofaffin sojoji a Amurka suka lura cewa kiɗa na taimaka wa majinyata su sami natsuwa. Daga wannan lura ne aka soma koyar da jinya ta hanyar kiɗa a matsayin fannin karatu a jami'ar jihar Mishigan a 1944, aka kuma kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa baki ɗaya a 1950.

Bayan yaƙi, a 1946, Rhodes ya fito da wani ƙaramin fiyano mai madannai 38 don masu koyo. A 1959 ya shiga yarjejeniya da Leo Fender, shahararren maƙerin jita mai lantarki. Sai dai Fender bai gamsu da sautin madannan sama ba, saboda haka abin da aka fara sayarwa shi ne guntu mai madannai 32 na ƙasa kaɗai, masu babbar murya. Sai da kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 sa'an nan aka fito da cikakken fiyano mai madannai 73. A 1970 aka fito da samfurin da makaɗa ke ɗauka zuwa dandalin wasa, mai ƙafafu huɗu da ake kwancewa, daga baya kuma aka ƙaro mai madannai 88. Idan aka ƙidaya daga 1942 zuwa 1965, shekaru 23 ke nan mutumin ya yi yana bin tunani guda. Wannan kaɗai abin lura ne ga ɗalibin da ke zaton ƙirƙira abu ce ta dare ɗaya.

Yadda tsinken ƙarfe yake zama sauti

Idan aka cire murfin Rhodes, abin da za a gani shi ne jerin ƙarafa a layi, kowane madanni da nasa. Kowane ɗaya yana da sassa biyu da aka ɗaure wuri ɗaya. Na ƙasa siririn tsinken ƙarfe ne mai tauri, na sama kuma faffaɗar sanda ce mai nauyi. Su biyun suna aiki kamar ƙarfen nan mai yatsu biyu da ake saita sauti da shi, wanda ake samu a ɗakin gwaje-gwajen fiziks, wanda kuma John Shore ya ƙirƙiro a Ingila a 1711. Bambancin kawai shi ne a nan yatsa ɗaya siriri ne, ɗayan kuma ƙato. Guduma tana dukan tsinken, sandar kuma tana taya shi girgiza don kada sautin ya mutu da wuri. Da an ɗaga yatsa daga madanni, sai wani ɗan ƙyallen ulu ya dafe tsinken, sauti ya tsaya.

Me ya sa kowane tsinke yake ba da sauti dabam? Amsar tana kan teburin kowane ɗalibi. In aka danne rula a gefen tebur, aka bar wani sashe ya fito waje, aka tankwara shi aka saki, za a ji yana kaɗawa da wata murya. In aka rage tsawon sashen da ya fito, muryar za ta ƙara siranta, domin yana girgiza da sauri fiye da da. Akwai ƙa'ida a nan mai ban sha'awa. Tsirkiyar garaya ko ta goge, in aka rage tsawonta da rabi, yawan girgizarta a cikin daƙiƙa yakan ninka sau biyu. Amma sandar da aka ɗaure ta gefe ɗaya, kamar rular nan, in aka rage ta da rabi, girgizarta takan ninka sau huɗu. Wannan shi ne sirrin ƙanƙantar Rhodes. Babban fiyano na asali yana bukatar tsirkiyar da ta kusa mita biyu don ya fitar da muryar ƙasa, shi kuwa Rhodes tsinkensa mafi tsawo bai kai taƙi ɗaya ba, mafi gajarta kuma kamar gaɓar yatsa yake.

A jikin kowane tsinke akwai ɗan ƙaramin sifirin da aka zura. Da shi ake saita murya. In aka tura shi wajen bakin tsinken, nauyi ya ƙaru a wurin da ya fi motsi, sai girgiza ta ragu, murya ta yi ƙasa. In aka jawo shi wajen gindin, sai murya ta hau. Da haka ake daidaita madannin da duniya ta amince ya riƙa girgiza sau 440 a daƙiƙa, sauran kuma a bi da su.

Sauran aikin na maganaɗisu ne. A gaban bakin kowane tsinke, ba tare da sun taɓa juna ba, akwai ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. A 1831 Michael Faraday ya gano cewa duk lokacin da ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin waya ya canza, wutar lantarki takan taso a cikin wayar. To tsinken nan, yayin da yake kai da komowa, yana canza wannan ƙarfi, sai 'yar wuta ta taso tana hawa da sauka daidai da girgizarsa. Ƙa'idar da ke sa janareta ya ba da wuta, ita ce dai ke aiki a nan. Wani abin mamaki shi ne samfurin nan mai ƙafafu huɗu ba a ma jona shi da wuta, domin 'yar wutar da ke fita daga cikinsa daga ƙarfin yatsun makaɗi take samuwa. Amfilifayar da ke waje ce kaɗai ke bukatar soket.

Akwai kuma abin da ya ba Rhodes muryarsa ta musamman. Ƙarfin maganaɗisu ba daidai yake a ko'ina ba, ya fi yawa a kusa, yana raguwa da sauri in an yi nisa. Saboda haka in aka danna madanni a hankali, tsinken yakan yi ɗan motsi kaɗan, sautin ya fito da taushi kamar na ƙararrawa. In kuwa aka buga da ƙarfi, tsinken yakan yi lilo mai faɗi, ya ratsa wuraren da ƙarfin maganaɗisun ya bambanta ƙwarai, sai siffar wutar ta karkace, sautin ya fito da kaushi, wanda makaɗa ke kamanta shi da haushin kare. A idon injiniya wannan karkacewa aibi ce. A kunnen makaɗi kuwa ita ce ran na'urar, domin tana sa muryar ta canza kamanni gwargwadon yadda aka taɓa ta. Haka kuma ɗan gusar da maganaɗisun kusa ko nesa da tsinke, ko ɗaga tsinken sama kaɗan, yana sauya launin sautin gaba ɗaya. Shi ya sa da wuya a sami guda biyu masu murya iri ɗaya sak.

Tashe da faɗuwa

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970 Rhodes ya ci zamaninsa. Miles Davis, gwanin busa na kiɗan jaz, shi ne ya sa makaɗan fiyanonsa suka koma kansa, kuma an ji shi sosai a fayafayansa na 1969 da 1970. Cikin makaɗan da suka kaɗa shi a waɗannan fayafai akwai Chick Corea da Joe Zawinul da Herbie Hancock. Shi Hancock ya fara ne da karatun injiniyan lantarki a Kwalejin Grinnell kafin ya koma fannin kiɗa, kuma wannan ilimi ya taimake shi wajen sarrafa sababbin na'urori. A ranar 30 ga Janairu, 1969, da ƙungiyar Beatles ta yi wasanta na ƙarshe a bainar jama'a a kan rufin wani gini a Landan, Billy Preston yana tare da su yana kaɗa Rhodes. Stevie Wonder ma ya yi amfani da shi a fayafayansa na farkon shekarun 1970. Ban da dandalin wasa, an ƙera wasu samfura musamman don ajujuwan koyon kiɗa, wanda shi ne ainihin burin Harold Rhodes tun farko.

Faɗuwarsa kuwa daga wata jami'a ta samo asali. A 1967, John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano wata dabarar lissafi ta haɗa sauti, inda ake sa wata girgiza ta riƙa jujjuya saurin wata, sai a sami muryoyi masu sarƙaƙiya da ɗan aiki kaɗan. Kamfanin Yamaha ya sayi izinin amfani da dabarar, kuma a 1983 ya fito da na'urar DX7. Nauyinta kimanin kilo 14 ne, ba ta bukatar saiti, tana ɗauke da muryoyi da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu kwaikwayon fiyano mai lantarki ce, wadda ta mamaye waƙoƙin shekarun 1980. Makaɗin da ya gaji da jan akwati mai kilo 60 zuwa saman bene bai yi wata-wata ba. A 1984 aka fito da samfurin Rhodes na ƙarshe na wancan zamani, a 1985 aka rufe masana'antar. A 1987 kamfanin Roland na Japan ya sayi sunan, ya liƙa shi a kan na'urori masu kwamfuta waɗanda ba su da tsinke ko guduma, abin da bai yi wa Harold Rhodes daɗi ba ko kaɗan. Sai a 1997 ya sami sunansa ya dawo hannunsa, kuma ya rasu a watan Disamba na 2000.

A waɗannan shekaru an yi ta sayar da tsofaffin Rhodes da arha, wasu aka yashe su a gareji. Amma tun daga shekarun 1990 sababbin makaɗa, irin su Erykah Badu a Amurka da ƙungiyoyin Portishead da Radiohead a Ingila, suka sake tono shi. Ƙananan kamfanoni suka shiga ƙera tsinke da guduma da sauran kayan gyara. A 2021 wani kamfani a birnin Lids na Ingila ya fito da sabon samfuri mai suna MK8, bisa tsohuwar dabarar nan ta tsinke da maganaɗisu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Hujjojin masu suka

Adalci ne a saurari masu cewa a bar tsohon akwatin nan ya huta, domin maganarsu ba ta rasa gaskiya. Yana da nauyi. Tsinkensa yakan gaji ya karye, robar bakin gudumarsa takan cinye, muryarsa takan kauce a nemi mai saiti. Farashinsa ya hau har ya fi ƙarfin yawancin matasan makaɗa. Mafi ƙarfin hujjarsu ita ce manhajojin kwamfuta na yau sun ƙware wajen kwaikwayonsa, har ta kai in an saurari waƙa a rediyo, da wuya mai sauraro ya iya rarrabewa. Duk wanda ke son sautin kawai, kuma kuɗinsa kaɗan ne, babu laifi ya ɗauki manhaja. Hasali ma arhar na'urori masu kwamfuta ce ta buɗe wa dubban matasa ƙofar kiɗa, har da waɗanda suka gina masana'antar waƙar finafinan Hausa.

Sai dai wannan hujja ta ɗauka cewa amfanin na'urar kiɗa ya tsaya ga abin da ke fita daga lasifika. A nan ne ta gaza, ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce ilimi. Gani ya kori ji. A cikin Rhodes ɗalibi yana iya ganin kowane mataki da idonsa: yatsa ya motsa madanni, madanni ya ɗaga guduma, guduma ta girgiza tsinke, tsinke ya haifi wuta. Darussan fiziks guda huɗu ko biyar ne a cikin akwati ɗaya. In aka buɗe na'ura mai kwamfuta, ba abin da za a gani sai koren allo da baƙaƙen ƙwayoyi, waɗanda ba sa gaya wa ido komai.

Fuska ta biyu ita ce gyara. Rhodes ɗin da aka ƙera a 1973 yana iya aiki yau bayan shekaru fiye da 50, domin kowane sashensa ana kwance shi da sukuddireba, a gyara ko a musanya. Naɗin waya in ya tsinke, mai gyaran fanka ko injin ruwa ya san dabarar sake naɗa irinsa. Na'ura mai kwamfuta kuwa, in ƙwayarta ta ƙone kuma kamfanin ya daina yin irinta, sau da yawa sai bola. Manhaja ma takan daina aiki in an sauya tsarin kwamfutar da take gudana a kai. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal ne aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya dace. A irin wannan hali, na'urar da aka tsara don a gyara ta tana da abin da za ta koya wa injiniyoyin gobe.

Fuska ta uku ita ce ta zuciya, kuma ita ce masu suka suka fi rainawa.

Darajar da sikeli ba ya aunawa

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa mutum ya fi riƙe abubuwan da suka same shi tsakanin ƙuruciya da shekaru talatin, kuma kiɗan da ya ji a wannan tsakani yakan zauna masa fiye da kowane. Likitocin da ke kula da tsofaffi masu cutar mantuwa sun shaida cewa majinyacin da ya kasa tuna sunayen 'ya'yansa yana iya bin waƙar ƙuruciyarsa. Saboda haka dattijon da idonsa ya ciko da ya ji muryar Rhodes ba wauta yake yi ba. Sautin ne ya buɗe masa wani ɗaki na ƙwaƙwalwa da ya daɗe a rufe.

Bugu da ƙari, abin hannu yana ɗaukar tarihin masu shi a jikinsa. Madannin da ya goge saboda yawan taɓawa, da tabon da ya samu a hanyar zuwa wani wasa, da saitin da wani ya yi wa tsinkayensa gwargwadon yadda kunnensa ke so, duk shaidu ne na wani mutum takamaimai. Ɗan da ya gaji Rhodes ɗin mahaifinsa, in ya kaɗa shi, muryar da mahaifin ya zaɓa da hannunsa ce zai ji. Manhaja kuwa kowa ya saya irin ta kowa zai samu, kuma ba ta tsufa balle ta ɗauki tabo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da ta san darajar tamburan da aka gada a gidan sarauta, ko uwar maƙerar da ɗa ya karɓa daga uba. Ba wanda zai ce a jefar da su don an sami sababbi a kasuwa.

Sai dai akwai haɗari a cikin wannan ƙauna, kuma ya kamata a faɗe shi. Idan darajar tsohon abu ta koma ta kuɗi zalla, sai masu hali su saye shi su kulle a ɗaki don ado, makaɗa kuma su rasa. Na'urar da ba a kaɗawa lalacewa take yi, robarta ta bushe, ƙarfenta ya yi tsatsa. Mutumin da ya ƙera abin kiɗa don majinyaci ya taɓa yana kwance a gado bai yi shi don a kalla ta bayan gilashi ba. Girmama Rhodes na gaskiya shi ne a bar shi a hannun masu kaɗawa da masu koyo.

Abin da ya rage ga malamai da ɗalibai

Ba kowace makaranta ce za ta taɓa mallakar Rhodes ba, kuma ba lalle ne ta mallaka ba. Abin da ke cikinsa ana iya gina shi da kayan da ke kusa. Guntun zarton yankan ƙarfe da aka ɗaure a bakin tebur zai maye gurbin tsinke. Maganaɗisun tsohuwar lasifika, da ƙusa, da wayar jan ƙarfe da aka warware daga mataccen taransifoma, za su ba da naɗin da ke ɗaukar girgiza. In aka yi naɗi mai yawa aka jona da amfilifaya, za a ji muryar zarton a lasifika. Daga nan ɗalibai suna iya rage tsawonsa, ko su liƙa masa ɗan nauyi a baki, su rubuta abin da ya canza. Ajin da ya yi wannan gwaji ba zai sake manta dokar Faraday ba.

Haka kuma ya kamata hukumomin makarantu da jami'o'i da gidajen rediyo su sake duban ɗakunan ajiyarsu kafin su kira masu sayen gwangwan. Tsohon rediyo, da na'urar faifan garmaho, da keken buga rubutu, da tsofaffin ma'aunan ɗakin gwaje-gwaje, dukansu irin Rhodes ne, wato na'urori ne da ke nuna yadda suke aiki ga duk wanda ya buɗe su. Abin da ya dace shi ne a rubuta sunan kowanne da shekararsa da inda ya fito, a tsare shi daga laima da ƙura, a kuma gayyato tsofaffin masu gyara su zauna da ɗalibai su tayar da shi tare. Waɗannan masu gyara suna tsufa, kuma duk wanda ya tafi da iliminsa bai koyar ba, an yi asarar da ta fi ta na'urar.

Harold Rhodes bai fara da ɗakin bincike ko jari ba. Ya fara ne da majinyaci da ke bukatar taimako, da tarkacen da kowa ya yar, da sanin cewa gajeren bututu ya fi dogo siririyar murya. Ɗalibin da ya riƙe ƙa'idar da aka koya masa a aji, ya kuma saba duban tarkace da idon mai neman amfani, yana da duk abin da wancan malami ya fara da shi a 1942.